Wa Ya Sauki Wa?

Da hutun ƙarshen zango ɗan ƙanwata ya zo mana Sule Tankarkar daga Kano. Wata rana bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan." Wani ƙaramin kifi ne, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jikinsa ruwan goro, da farin zane uku kamar an ɗaura masa ɗamara. A cikin akwatin gilashi yake, a falon wani Bature, yana birgima a tsakiyar wani abu mai kama da fure, mai yatsu barkatai masu laushi da ke kaɗawa a ruwa. Ya nutse ciki ya ɓace, ya leƙo da kai, ya sake komawa, kamar yaron da ke ɓuya a zanin uwarsa.

"Nemo ne, Kawu," in ji shi, yana nufin kifin nan na fim ɗin yara da ya fito a 2003. Mai akwatin kuwa sai murna yake yi, yana faɗa da Turanci cewa yau dai, bayan watanni yana jira, kifinsa ya sauki furen. Yaron ya tsayar da hoton ya dube ni. "To Kawu, ba furen ne ya sauki kifin ba? Ai shi ne mai gida."

Na buɗe baki zan ce masa haka ne, sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Hutu ya ƙare, yaro ya koma Kano, tambayarsa ta zauna da ni.

Mu nan ba mu da teku, ko kogi ma ba mu da shi. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi da gero da wake da riɗi. Kifin da muka sani tarwaɗa ce da karfasa, yawanci banda, daga wajen Haɗeja. Duk da haka akwai kalma guda ta can ƙarƙashin teku da ta daɗe a bakinmu, wato murjani. Da wuya ka shiga unguwa a ƙasar Gumel ka rasa Murjanatu ko Murja. Daga Larabci muka samo kalmar, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya gamu da ita har sau biyu a Suratur Rahman. Kakanninmu mata sun rataya jan murjani a wuya, sun ɗaura a hannu, an sa shi cikin kayan amare. Daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake su ƙetaro Sahara da shi ta Tarabulus da Agadas da Damagaram. Sun riƙe shi a kan dutse mai daraja, alhali ƙashin dabba ne: wasu ƙananan halittu masu baki da yatsu ne suke taruwa dubbai su gina shi sannu a hankali. Abin nan da kifin yake birgima a ciki ɗan'uwansu ne da bai gina gidan dutse ba. Turawa sun ara masa sunan wani furen tudu, ni ma zan bi su in kira shi furen teku, amma mai karatu ya riƙe cewa dabba ce mai ci, mai tafiya a hankali a kan gindinta, mai harbi kamar kunama.

Harbin nan shi ne tushen labarin. Kowane yatsa na furen teku cike yake da ƙananan ƙayoyi masu dafi. Ƙaramin kifi ya taɓa, sai ya sandare, furen ya ja shi zuwa baki. Nau'in furen teku ya haura 1,000, amma 10 ne kacal suke karɓar wannan kifi, kamar yadda Daphne Fautin da Gerald Allen suka lissafa a littafinsu na 1992. Shi kuwa kifin, wanda sunansa na Turanci yake nufin wawan sarki saboda adonsa da rangajinsa in yana iyo, nau'insa kusan 30 ne. Babu ko ɗaya a Tekun Atlantika, don haka ko Legas mutum ya je ba zai same shi a ruwan can ba. Gidansa Tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Wannan na ƙarshen ya taɓa mini zuciya. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka shiga jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, ta kansa suka bi. Wani nau'insa mai farin zane biyu yana nan a ƙarƙashin wannan ruwan, yana shiga yana fita a gidan dafi.

Yaya yake shiga bai mutu ba? Yauƙin jikinsa ne kariyarsa. Masana suna da bayani biyu, kuma kowanne da hujjarsa: wasu nau'in da kariyar ake ƙyanƙyashe su, yauƙinsu ba shi da sinadarin da ke tayar da ƙayar, wasu kuma sai sun yi sabo. Wanda ya zuba ido zai ga yadda sabon yake. Kifin ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Yakan zo ya taɓa da wutsiya ya ja da baya, ya dawo ya goga ciki, ya sha ɗan harbi ya kauce, ya sake dawowa, wani lokaci minti kaɗan, wani lokaci sa'o'i, har jikinsa ya ɗauki yauƙin mai gida, furen ya daina jin sa a matsayin bare. Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu a Gumel mun fi kowa sanin wannan magana, don kuwa da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta garin a watan Maris na 1851, babbar kasuwar kanwa ya tarar. Galibi gargaɗi ake yi da karin maganar, a ce wa yaro ya kula da wanda yake zama da shi. A wurin kifin nan farin kan shi ne takardar shiga gida.

Bature na farko da ya rubuta labarin zaman nan, Cuthbert Collingwood, ya gan su a tekun kudancin Sin, ya buga bayaninsa a 1868, ya kuma siffanta kifin da ɗan ci-ma-zaune, mai kama da ƙwaron da ke rayuwa a jikin wani. Ido ya gaya masa abin da ya gaya wa ɗan ƙanwata: ga mai gida, ga mai cin arziki. Sai a 1879 wani Bajamushe masanin tsirrai, Anton de Bary, ya yaɗa kalmar da ake koya wa yaranmu a aji yanzu, simbayosis, wadda a Girkanci ba ta nufin komai illa zaman tare. Daga baya aka gane kifin ba a banza yake kwana ba. Akwai wasu kifaye masu cin yatsun furen, shi yake korarsu, duk ƙanƙantarsa, har mai ninƙaya yakan kai wa cizo. Kashinsa taki ne ga furen. Da dare yana motsi a tsakanin yatsun yana sabunta musu ruwa. A gaɓar Ostareliya an gwada kwashe kifayen daga wasu furanni, ba a daɗe ba masu cin yatsu suka far musu suka cinye. Ashe mai gidan ma a hannun baƙonsa yake kwana.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke karɓar simbayosis a makaranta kamar wani sabon ilmi da ya zo daga waje, yaro ya haddace ya zuba a jarrabawa ya manta. Manomin Gagarawa da bai taɓa shiga aji ba ya fi littafin rarrabe irin zaman nan, kuma kowanne ya ba shi suna. Ya san ƙuduji, mai kyan jan fure, wanda saiwarsa ke kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi tun kafin ya fito fili. In ka ga furensa, ɓarna ta riga ta auku. Ya san kauci da ke maƙale a reshe yana shan ruwan itace. Ya san balbela da ke bin shanu tana cin farar da ƙafarsu ta tayar, ba ta ƙare su da komai ba, ba ta rage su da komai ba. Ya san carki, wanda shari'arsa ke da wuya, don yana cire wa sa kaska amma yana tona masa gyambo ya sha jini. Ya kuma san gawo. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi sai ya kaɗe nasa, ya bar wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani kuma, lokacin da ƙasa ta bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar masa kashi a gindi. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da cikar zangarniya. To gawo ne baƙo a gonar, ko gero ne baƙo a gindinsa? Gawon ya girmi mai gonar, wani ma ya girmi ubansa.

Da na koma kan kalmomin sai na ga Baturen mai akwati bai yi kuskuren da ba shi da asali ba. A Latin kalma ɗaya ce, hospes, take nufin baƙo take kuma nufin mai masauki. Maƙwabtanmu na Dungas da Damagaram da suka yi lakwal sun san har yau hôte na Faransanci haka yake, sai ka duba jimla kafin ka san wanda ya zo ake nufi ko wanda aka zo wa. Jikokin wannan kalma biyu suna cikin Hausa ba mu lura ba: otal da asibiti. Larabci ya raba su biyu, amma daga saiwa ɗaya, kuma daga wannan saiwar muka samo liyafa, wadda asalinta karɓar baƙo ne, kafin ta koma cin abinci a wurin biki.

Hausa ba ta bi wannan hanya ba. Ba ta haɗa su a kalma ɗaya ba, sai ta gina zancen duka a kan aikatau guda: sauka. Matafiyi yana sauka daga kan raƙumi ko jaki, a sauke masa kaya, wurin ya zama masauki, mai wurin ya zama mai masauki. Dubi abubuwan da suke sauka a harshenmu. Damina tana sauka. Alƙur'ani an saukar da shi, yaro kuma in ya kai ƙarshe mu ce ya yi sauka. Mace mai ciki ana yi mata addu'ar Allah ya sauke ta lafiya, in ta haihu a aika wa dangi cewa an yi baƙo ko baƙuwa. Duk abin da muke cewa ya sauka, daga sama yake zuwa, kuma alheri ne da ba mu muka yi shi ba. A cikin wannan jerin Bahaushe ya sa mutumin da ya yi sallama a ƙofar gidansa da magariba. Shi ya sa baƙonka annabinka ba ado ne na baki ba. Harshen tun daga gininsa ya ɗauki mai zuwa a kan mai kawowa.

Ba ita ke nan ba, don Bahaushe ba ya rufe ido. Shi ne kuma ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa da hantsi ta tafi. Kifin nan kuwa ba raɓa ba ne. In ya sami furensa, nan zai ƙare rayuwarsa, da wuya ya yi nisan da ya wuce taku kaɗan daga gare shi. A gindinsa ake zuba ƙwai a kan dutse, namijin ya tsare su yana yi musu fifita da fiffike har su ƙyanƙyashe bayan mako guda ko fiye kaɗan. Mafi girma a gidan ita ce macen. In ta mutu, namijin da ke bi mata sai jikinsa ya juya ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau matsayinsa, don kada gida ya mutu. Wanda ya haifi 'ya'ya a gida, ya tsare ƙofarsa, ya mutu a cikinsa, ban ga yadda za a ci gaba da kiransa baƙo ba.

Kalmar da ta fi dacewa da zaman nasu a kasuwa na same ta. Kowace Alhamis Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, da yawa daga Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Tun kafin mota da waya akwai mutumin da ake kira fatoma. Falke ya zo garin da bai san kowa ba, da dukiya a hannu, sai ya sauka gidan fatoma. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kaya bashi, ya shiga tsakani in rigima ta taso. Shi kuma ya ci la'ada, sunansa ya tafi garuruwa a bakin fatake. Da wannan tsari Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro har Sabo ta Ibadan, inda ake kiran irin wannan mutum mai gida, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969.

Na tambayi wani dattijo a kara, wanda ya gaji saukar fatake daga mahaifinsa. Yana zaune a kan buhu, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, carbi a naɗe a wuyan hannu. Na ce, "Baba, tsakanin ku da mutanen da kuke saukewa, wa yake ci da wani?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka zo nan lokacin da aka rufe boda?"

Na gane abin da yake nufi. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a ba da umarnin buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024.

Ya ce, "Ɗakunan baƙina huɗu. Kullum sai na sa an share su, ba mai kwana. A lokacin na san su suke riƙe da gidan nan. Mahaifina ya sha gaya mini, ban ji ba sai da na gani."

A cikin akwatin gilashi labarin yakan canja, kuma nan ne ya fi ba ni tausayi. Masu sha'awar kiwon kifin nan a gida suna shan wahala ƙwarai. Sai an haɗa ruwa da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, a riƙe ɗuminsa wajen digiri 25, a kunna fitila mai ƙarfi, injin tura ruwa ya yi ta aiki dare da rana, wuta kada ta ɗauke. Sukan jira akwati ya yi wata shida ko fiye kafin su sa furen, don ba ya jure sabon ruwa. Shi kuwa kifin, tun shekarun 1970 ake kiwonsa a tankuna, da yawansu su da iyayensu ba su taɓa ganin furen teku ba. A akwati babu maƙiyin da zai cinye shi, babu mai cin yatsun da zai kora, abinci daga sama ake zubo masa. Ba ya bukatar masauki. Duk da haka sai ya nema. In babu fure sai ya zaɓi wani murjani mai dogayen yatsu ya yi ta goga jiki, wani lokaci har murjanin ya takura, ya ƙanƙance ya daina buɗewa. In babu murjani sai ya zaɓi kaskon fulawa, ko kusurwar gilashi, ko jikin injin tura ruwa. Nan zai kwana, nan zai tsare, ya ciji hannun mai akwati in ya matso. Ɗabi'ar tana nan daram, amanar da ta haife ta ce babu.

Ina ganin kalmarmu ta masauki ta kama wannan hanya. Yau in ka ce masaukin baƙi, allon bakin titi mutum zai tuna, da rasit da makulli mai lamba. Ba na zargin kowa, zamani ya kawo shi, kuma yana da amfaninsa. Amma wurin da ka biya ka kwana ka tafi ba a san sunan ubanka ba, bai ɗora wa kowa nauyin kowa ba.

Abin ya fi ciwo a gona. Ina yaro, duk shekara bayan an kai dami gida, wani Bafulatani yakan sauka da shanunsa a gonar kakana. Su ci kara da sauran harawa, su kwana a wurin, ana matsar da turke daga wannan gefe zuwa wancan har gona ta sha taki. Matarsa takan kawo nono a ƙwarya mai faifai a kai, kakata ta auna mata gero. Kakana yana kiransa "baƙona", shi kuma yana kiran kakana "mai gidana", kuma in ɗaya ya yi rashi ɗayan yakan yi tattaki ya zo gaisuwa. Yanzu kara kuɗi ne, ana tattare shi a sayar. Burtali ya ƙuntata, wani wurin an nome shi. Shanu kan iso tun amfani yana gona. Jikokin mutanen nan biyu, in sun haɗu, sau da yawa a gaban mai unguwa ne ko a ofishin 'yan sanda.

Shi ma furen teku mai masaukin wasu ne a cikin jikinsa. Akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani da suke zaune a cikin naman yatsunsa, suna sarrafa hasken rana su ba shi abinci, su ne ma suke ba shi launi. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya kore su, ya yi fari fat, ya rame. A tsibirin Moorea da ke Fasifik, a zafin 2016, masu bincike sun bi kifayen da furanninsu suka yi fari, suka tarar ƙwansu mai rai ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Kifin bai yi laifi ba, furen bai yi laifi ba, ruwan da ya ɗauke su duka ne ya sauya. Haka nake kallon abin da ya shiga tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar nan tamu, inda mutane suka ƙaru, gonaki suka tsuke, rairayi yake matsowa. Kafin mu kira juna ƙuduji, ya kamata mu tuna shekara nawa muka yi muna zaman gawo da gero.

Da yaron ya bugo waya kwanakin baya na ba shi amsarsa. Na ce a nahawu shi ne da gaskiya, furen ne ya sauki kifin. Amma in yana son sunan da ya dace da furen, ya kira shi fatoma, don fatoma ne kaɗai mai gidan da in baƙinsa suka daina zuwa gidansa yake mutuwa. Ya ce, "Kawu, mene ne fatoma?" Ɗan aji biyar ne na sakandare, haifaffen Kano, jikan Gumel, bai taɓa jin kalmar ba.

Don haka nake roƙon malamanmu, musamman na Kwalejin Ilmi ta Gumel da ke horar da waɗanda za su koyar da yaranmu gobe: in kun zo darasin zaman tare, ku nuna musu kifin, yana da kyau su gan shi, sannan ku fita da su gindin gawo, ku tono musu saiwar ƙuduji su gani da idonsu. Ku tura su wurin tsofaffi da takarda da biro su rubuto sunayen. Waɗanda suka san bambancin fatoma da dillali suna nan a karar Maigatari kowace Alhamis, kuma ba su da yawa.